Tarin Ranar Lahadi

Amayi,

Ina gaishe ki, mahaifiyata, daga Johannesburg. Yaya ƙafarki, ta daina kumburi? Autarmu Tadala fa, yaya makaranta? Ni lafiyata ƙalau, ina cin nsima, tuwon masararmu, har in ƙoshi, kada ki damu.

Sai dai abu ɗaya. Duk Lahadi Yaya Limbani yana tara abokansa a ɗakinmu suna cacar karta. Akwai wani Bra Mandla da kullum yake cinye shi. Idan mutumin ya zuba kuɗi kaɗan, sai Yaya ya ce, "Tsoro ya kama tsoho!" ya tura nasa duka. Ina tsintar wake na lura ba tsoro ba ne. Sai kartarsa ta yi kyau yake zuba kaɗan, don ya jawo mutum.

Da na sani ban faɗa wa Yaya ba. Ya gwada ya ci, amma bai ƙoshi ba. Ya ce in riƙa zama bayan Bra Mandla ina leƙen kartarsa, in yi tari idan ta yi kyau, ko kuma in nemi wani wurin kwana.

Na yi, Amayi. Jiya Bra Mandla ya waigo yana murmushi, ya ce, "Sisi, ƙanwata, tarin nan naki Lahadi kaɗai yake tashi? Ina da maganinsa."

Direban bas zai kawo miki takardar nan. Don Allah ki kira Yaya kafin Lahadi, ki ce kina buƙatata a gida. Kada ki ce na rubuto.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Alinafe