Zare Shida a Cikin Aljihun Farar Riga

Anti Sherifa, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Yau kwana tara ke nan kaina ya kulle, kuma ba ni da wanda zan gaya wa wannan magana da Hausa. Da Turanci na faɗe ta ba adadi, amma ba da Turanci take ci mini rai ba.

Ni ɗaliba ce a makarantar likitancin dabbobi, ina shekara ta uku. Daga Maraɗi aka kawo ni ina 'yar shekara bakwai, a unguwar Highbridge ta New York na girma, a hawa na biyar, inda har yau keken ɗinkin Innata yake bakin taga. Babanmu ya rasu ina sakandare, da keken nan ta riƙe gida. Matan masallacinmu kusan duk ita ke yi musu kayan Sallah da na suna. Ni ce 'yar fari, don haka tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, ko "yarinyar nan", ranar da take cikin nishaɗi kuma ta ce "lokotoron karnuka", wato likitan karnuka. Da farko ba ta so karatun ba ko kaɗan. Shekara guda cur a leda take sa ni in ƙulle kayan aikina in bar su bakin ƙofa, saboda yawun kare. Yanzu kuwa ita ce mai tambayata ko magen nan mai ciwon ƙoda ta fara cin abinci.

To ga maganar, na rubuta na goge ya fi sau biyar. Anti, mace nake so. Na san sunan da mutanenmu ke kiran irina da shi, na sha jin sa a bakin masu zuwa awo suna shewa, ina zaune a gefe ina yanke musu zare. Ban bar salla ba, ban bar azumi ba, na yi kuka a kan darduma har na gaji, abin bai tafi ba. Sunanta Akua, 'yar Ghana ce, iyayenta suna unguwar Parkchester, tana gabana da aji ɗaya.

A makaranta akwai ƙungiyar ɗalibai 'yan LGBT, ba mu kai ashirin ba. Ran Laraba da rana muke haɗuwa a wani ɗan ɗaki kusa da ɗakin fiɗa, warin maganin gawa yana shigo mana, mu kuwa muna cin abincinmu don hanci ya riga ya saba. Wata uku ina wucewa ta ƙofar kamar mai neman banɗaki kafin na iya shiga. Ranar da na shiga da ɗankwalina ba wanda ya kalle ni sau biyu. Akua ce ta matsa mini kujera, ta miƙo mini ayaba, ta ce in cinye in ba ta ɓawon, a kansa take koyon ɗinkin tiyata. Haka muka fara, kuma wallahi ban taɓa samun natsuwa kusa da wani mahaluki kamar yadda nake samu kusa da ita ba.

Kafin mu shiga shekarar aiki a asibiti ana yin bikin sa farar riga. Kowane ɗalibi yana rubuta sunan mutum ɗaya da zai hau dandamali ya sa masa rigar likita a gaban jama'a. Ƙungiyarmu tana da al'ada: wanda danginsa ba su zo ba, in an kira sunansa sai duk mu miƙe mu zama danginsa. Bara iyayen Akua ba su zo ba, tun da ta gaya musu gaskiya suka daina ɗaga wayarta. Wata malama ce ta sa mata rigar, ni kuwa na rangaɗa guɗa har Turawa suka juyo suna neman inda aka yi gobara. Har yau naɗe hannun rigar take yi don ya yi mata tsawo, ba ta samu mai rage mata ba. Sannan kuma a ƙungiyar, ɗan ajin gaba yakan ɗinka wa na baya zare shida masu launin bakan gizo, alamarmu, a cikin aljihun ƙirji ta ciki, inda ba mai gani sai mai riga. Akua ce ta ɗinka mini nawa, kowane zare da ƙullinsa, kamar ta rufe cikin kare bayan aiki.

Ga wautar da na tafka. An ba mu rigunan da wuri, tawa ma hannun ya yi tsawo, na zo gida ran Asabar da ita a jaka. Inna ta gani ta karɓe, wai 'yar tela ba za ta tsaya gaban mutane da riga kamar ta aro ba. Sai da na zauna a jirgin ƙasa zan koma makaranta ran Lahadi na tuna da aljihun. Sati guda duk wayar da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Da na koma gida na tarar da rigar a rataye, an goge, an kalmasa hannun daidai. A ƙirji ta ɗinka sunana cikakke da shuɗin zare, sunan da bakinta bai taɓa faɗa ba. Na shige banɗaki na juya aljihun. An warware ɗinkin Akua kaf. Amma zaren shida suna nan, a jere yadda suke, an sake ɗinka su da hannun Inna, ƙanana-ƙanana, irin aikin da take yi wa kayan amare. Tana kwashe tuwo, ko kallona ba ta yi ba, ta ce: "Wanda ya yi wancan ɗinkin nama ya iya, ba yadi ba." Ta ci gaba da kwashe tuwonta, ni kuwa na ninke rigar na sa a jaka.

Anti, ta sani ne? Inna ba ta yi boko ba, amma shekara ashirin tana New York, duk watan Yuni, watan bikin irinmu, tana ganin tuta mai waɗannan launuka a jikin shaguna. Ko kuwa tela ce kawai wadda ba ta iya ganin mummunan ɗinki ta ƙyale? Akua ta ce ta sani, in je in faɗa mata a huta. Ta kuma ce in rubuta sunan Inna a takardar biki, ta faɗa tana murmushi, amma na san fuskarta, ta gaji da zama "ƙawar makaranta". Juma'a mai zuwa za a rufe karɓar takardar. Ina ji kamar ha'inci ne in bar Inna ta sa mini riga ba ta san wadda take sa wa ba. In na buɗe baki kuma ina tsoron in rasa ta, ita kaɗai ta rage mini. Yaya zan yi?

Taki,
Lokotoron Karnuka, Highbridge

'Yata Lokotoro,

Share hawayenki ki saurare ni. Ni ba malama ba ce, ke ma ba fatawa kika nema ba, abin da ke tsakaninki da Ubangijinki na bar muku. Na san akwai masu karatu da za su rubuto mini da zafi, su rubuto. Yarinya ta kawo kukan uwarta, ba zan kore ta ba.

Ko Inna ta sani? Ban sani ba, Akua ma ba ta sani ba, zato take yi. Amma ki dubi abin da ke hannunki. Tela in ta ga abin da ba ta so a jikin riga, almakashi yana kusa, minti ɗaya ya isa. Ita kuwa ta zauna ta nemo allura, ta bi launi shida ɗaya bayan ɗaya, a wurin da ba mai gani balle ya yaba. Ko ta gane ma'anarsu ko ba ta gane ba, ta tarar da abin da kika ɓoye, ta mayar miki da shi ya fi yadda ta same shi kyau. Uwa mai kunyar 'yar fari da hannu take magana, kin ga ai inda ta rubuta sunanki.

Sai dai kada daɗi ya kwashe ki. Sanin abu a zuci daban, a ɗora wa mutum shi a kunne daban. Ke kina makaranta, kina da ɗakinku na Laraba. Ita tana Highbridge, abincinta yana hannun matan da kika ji suna shewa, kuma ita za ta haɗu da su a matakala da masallaci. Wataƙila shirun nan nata shi ne iyakar abin da za ta iya ɗauka a yanzu, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Na ga iyayen da suka juya baya, na ga waɗanda suka dawo bayan shekaru, na ga waɗanda ba su taɓa furtawa ba amma kullum suna zuba abincin mutum biyu. Ba zan yi miki alkawarin wacce ce taki ba.

Akua ma tana da gaskiyarta. Ta faɗa wa nata ta sha ɗaci, kuma zama a ɓoye yana gajiyar da mutum ko da ana son sa. Amma hanyar da ta bi ba dole ta zama taki ba. Abin da take bin ki shi ne magana tsayayya. Ki daina ce mata "wata rana". Ki zaunar da ita ki gaya mata abin da za ki yi da lokacin da za ki yi shi, ki kuma ji nata.

Takardar Juma'a kuwa, rubuta sunan Inna yau, kada ki jira. Babu ha'inci a ciki. Wadda za ta sa wa rigar ita ce 'yar da ta goya, kuma idonta da bayanta ne suka kai ki dandamalin nan. Ranar biki ba ranar wannan magana ba ce, ki bar ta ta ci ranarta. Ki roƙi 'yan ƙungiyarku su yi tafinsu kamar na kowane ɗan aji. Ki kawo Akua ta gaishe ta da sunanta, ta karɓar mata jaka, ta zauna kusa da ita. Kafin ki taɓa komai bayan haka, ki tabbata kina da wurin zama na kanki in gida ya yi zafi, ki ga mai ba da shawara na makarantarku, kuma kada wani a dangi ya riga Inna ji.

In biki ya wuce da sati biyu ko uku, ki nemi ranar da babu masu awo. Ki ɗauko rigar Akua, da zarenta shida a aljihu, ki ajiye a kan keken. Ki ce, Inna, wannan ma hannun ya yi tsawo, ta wadda ta yi mini ɗinkin nan ce. Daga nan ki kama bakinki. In ta ture, ki ɗauke ba musu ba kuka, ki ci gaba da zuwa ran Asabar, wadda ta yi shekara kafin ta bar kayan aikinki su wuce bakin ƙofa ba a yi mata gaggawa. In kuwa kika ga ta jawo tef ɗinta na awo, to ke 'yar tela ce, kin fi ni sani: Inna ba ta sa almakashi a riga sai ta auna mai ita. Za ta ce ki kawo ta.

Allah ya kai mu ranar biki lafiya, ya sanya albarka a hannunki, ya bar ki da uwarki. Ki gaida mini Akua, ki ce ta daure da naɗin hannun nan na ɗan lokaci kaɗan.

Anti Sherifa