Ranar da Na Kai Rahoton Kawu Mamman

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Allah. Ni ce Rabi. Akwai maganar da ba mu taɓa zama muka yi ba kina raye, ita zan rubuta miki.

Kin tuna shekarar da aka ɗauke ni horon aikin lafiya a nan Yamai, ba a daɗe da samun ƴancin kai ba. Ba ki taɓa tambayata abin da ake koya mana ba, ni ma ban faɗa ba. Shirin annoba ne. Majo Idi, tsohon ma'aikacin jinyar da ke koyar da mu, yakan busa usur ba zato, mu bar komai mu haɗa akwatin aiki: dafaffun allurai, auduga, sabulu, ruwan lamba na rigakafin agana. Wanda ya manta abu guda ya zazzage ya sake. Ya yi ta nuna mana hotunan ƙuraje har muka iya rabe agana da ƙarambau. Kullum maganarsa ɗaya ce: "In kun gani, ku faɗa a ranar, ko a gidan ubanku ne."

Sai ƙanenki Kawu Mamman ya zo daga Damagaram da zazzaɓi. Kika sa shi a ɗakin baya, kika saki labule, kika ce gajiyar hanya ce. Bayan ƴan kwanaki na kai masa kunu, na ga fuskarsa da tafin hannunsa. Agana ce, ba shakka. Na ajiye kwanon, na wanke hannu, na ɗauki mayafi zan tafi in faɗa wa Majo.

Kin tare ni a zaure. Kika ce, "Rabi, in suka tafi da shi, a hannun baƙi zai mutu." Na ce mu goma sha ɗaya ne a gidan, ban da masu shigowa ɗiban ruwa. Kika matsa gefe na wuce.

Kafin la'asar mota ta zo ta kai shi wurin keɓe majinyata a Lazaret. Lokacin ba gidaje can, fili ne da rumfuna. Aka ƙona tabarmarsa da bargonsa. Majo ya ce tunda unguwarmu ce, ni zan yi wa mutane lamba. Na yi wa maƙwabta, na yi wa ƴan gida, ke ce ta ƙarshe. Kika miƙo damtse kina kallon bango.

Kawu ya rasu bayan kwana tara. Ba a ba mu gawa ba. Ni kaɗai ce ta gida da ta ga inda aka sa shi, shi ma daga nesa. Ba wanda ya ƙara kamuwa a unguwar. Majo ya ba da labarin a aji, bai ambaci sunana ba.

Kin ci gaba da rufe mini tuwo in na yi yamma, kina wanke mini farar rigar aiki. Hira ce kawai kika daina da ni. Har na yi aure, har kika zo zaman jegona sau uku, sunan Kawu bai sake shiga tsakaninmu ba.

Daga baya ni ma na horar da sababbin ma'aikata shekaru da yawa. Na koya musu komai yadda aka koya mini. Abin da mutum zai ce wa mahaifiyarsa bayan mota ta tafi, wannan ban san shi ba, ban koya wa kowa ba.

A ciwonki na ƙarshe, da wata ma'aikaciya ta zo yi miki allura, kin ƙi. Kika ce, "Ku kira Rabi, ita hannunta ba ya rawa." Na zo na yi. Ban san ko yabo ne ko gori ba, ban kuma tambaya ba.

Inna, ko yau aka maimaita, zan kai rahoton. Amma ƙanenki ne, ke kika goya shi, ni kuma lissafin mutanen gida na yi miki. Ko gaisuwar rashinsa ban yi miki ba, don na ji nauyin buɗe baki. Yau ina yi miki: ya haƙuri, Innata.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinku, ya sada ku a Aljanna. Ni kuma ki yafe mini.

Ƴarki,
Rabi