Adey Ta Ɗaura Maka Makoki

Segeneiti, ranar Litinin.

Zuwa ga yayana Okbay,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, Ya tsare ka a hanyoyin Juba kai da tankar ruwan da kake tuƙawa. Maigidana da yara lafiya lau, an kuma shigo da amfanin gona. Mahaifiyarmu ce ba lafiya, ita ce dalilin rubutuna.

Ka san yadda mantuwa ta kama Adey, uwarmu, tun bara, har ni wani lokaci sai ta tambaye ni 'yar wace ce. To, makon jiya maƙwabcinmu Aboy Tekie ya aurar da 'yarsa ga wani ɗan ƙabilar Bilen daga garin Keren, na kai Adey bikin don ta ga mutane. Matan dangin ango suka durƙusa suna kaɗa kitsonsu hagu da dama, ko kallo ba su ishe ta ba. Amma da aka buga gangar kebero aka ja da'irar rawarmu ta guayla, matar da sai an riƙe ta take zuwa coci ta miƙe da kanta, ta gyara farin mayafinta, ta shiga layi tana jan ƙafa daidai da kiɗa. Yaya, na yi kukan murna.

Da kiɗa ya yi zafi aka juya bibbiyu, sai ta faɗa gaban wani dogon saurayi abokin ango. Ta kira shi da sunanka, ta ce ashe ka dawo shi ne ba ka fara zuwa gida ba, ɗan banza. Yaron mai kirki ne, ya amsa mata, ya dage yana girgiza kafaɗa. Amma rawarmu ba tasa ba ce, tsalle ya iya irin nasu. Ta yi masa tsiya wai wa ya mayar da shi raƙumi a ƙasar mutane, aka yi ta dariya. Da aka zo inda masu rawa ke saukowa ƙasa a hankali, ya kasa. Ta tsaya cak tana kallonsa, ta ce ɗanta bai taɓa barin ganga ta wuce shi ba. Ta juyo ta tambaye ni a gaban kowa yaushe ka mutu muke ɓoye mata.

Tun ranar ba ta ci abin kirki ba. Na tuƙa mata tuwon ga'at da man shanu, ta ture. Ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, ta ɗaura baƙin ɗankwali. Muryarka da na kunna mata a waya, ta ce matattu ma suna barin murya. Komai tana mantawa, wannan kaɗai ya zauna mata. Likita ya ce jikinta ba zai jure yunwa ba.

Na san ka ce in ka bar aikin ba za a ajiye maka ba. Amma jiya ta aika a kira limamin coci ya sa ranar addu'ar rasuwarka, ya zo yana tambayata abin da zai ce mata. Na roƙe shi ya ja lokaci har ƙarshen wata. Don Allah ka zo, kada ka sa in dafa abincin makokinka kana raye.

Gwaggo Letebrhan da su Habtom suna gaishe ka. Ka gaida matarka Zufan.

Ƙanwarka,
Weyni