Awon Bawa Dillali

Sabon Gari, daren Laraba, watan Safar, 1916

Bawa dillali ya zo yau, wai in yi wa sabon gidansa zane. Yana shiga zaurena ya ga layin nan guda da na ja a bango da farar ƙasa, ya kwashe da dariya. "Kai magini, zanen naka ke nan? Ai akuya ma in ta goga jikinta ta fi ka."

Bai san tsawon ƙanena Tanimu ne ba. Ranar da muka binne shi na ɗauko karan da aka auna kabarinsa, na kara a bango, na bi da yatsa. Daga nan zuwa nan, ƙanena ke nan duka. Bawan nan ne ya sa shi dakon auduga a tasha da zazzaɓi a jikinsa, wai jirgi ba ya jiran mara lafiya. Ko gaisuwa bai zo ba.

Na karɓi aikin. Ni da na koya wa kaina sana'a, zan yi masa adon da Zazzau ba ta taɓa gani ba. Amma da zai fita na lura kansa ya tsaya daidai tsagar da ke bakin ƙofata. Yana tafiya na yanki kara na auna.

A saman ƙofarsa zan kwantar da layin, fari, shi kaɗai, kullum ya riƙa wucewa ta ƙarƙashin awonsa. Allah Ya yafe min, amma ranar da ya tambaye ni ma'anarsa, wallahi sai na gaya masa.