Kokwamba a Kujera ta Goma Sha Ɗaya

International City, Dubai
Lahadi, bayan La'asar

Zuwa ga Zainul Abideen, hasken safiyata, inuwar dabinon da nake hange daga nesa, ruwan sanyina a watan Agusta, kwaɗon zuciyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi yashin Dubai yawa, ta fi dogayen benayenta tsawo. Don Allah kada kalmar kwaɗo ta ɓata maka rai kafin ka kai ƙarshen wannan takarda. Yabo ne, kuma zan yi bayani.

Ni ce Maimunat, 'yar ajin ƙarshe a ɓangaren 'yan mata, wadda take zama a kujera ta biyu bayan direban motar makaranta, sanye da rigar sanyi biyu. Sau ɗaya muka taɓa magana, kuma kai kaɗai ka yi ta. Ka tuna ranar da iska ta ƙwace takardar Bayolojina a bakin ƙofar makaranta, ta yi ta gudu da ita kamar ɗan akuyar da ya tsinke igiya? Kowa ya tsaya yana dariya. Kai kuwa ka ɗaga ƙafa ɗaya ka take ta, ka ɗauka, ka miƙo mini, ka ce ga shi. Ga shi! Wayyo Allah, akwai tsuntsun da ya taɓa rera abin da ya kai wannan daɗi? Takardar tana cikin akwatina har yau, da sawun takalminka a kan zanen ƙodar ɗan Adam. Malama ta rage mini maki biyu saboda datti. Ban taɓa jin daɗin rasa maki kamar ranar ba.

Yanzu ga laifina, ya sanyin idona, kuma babba ne.

Maƙwabciyarmu Anti Latika 'yar Kerala ce, tana aiki a wani shagon maganin gargajiyar Indiya a unguwar Karama. Ita ta ba ni wata takarda mai tambayoyi talatin da ake gane halittar mutum da ita. Kada ka ce duba ne, wallahi ba duba ba ne, sai da Umma ta tabbatar kafin ta bari na karɓa. A iliminsu, wanda suke kira Ayurveda, mutane iri uku ne. Akwai Vata, mutanen iska, sirara masu sanyin hannu da yawan tunani da mantuwa. Akwai Pitta, mutanen wuta, masu zufa da kaifin ƙwaƙwalwa, waɗanda yunwa take sa su faɗa. Sai Kapha, mutanen ƙasa da ruwa, masu natsuwa da nauyin barci da riƙe alkawari. Har bugun jijiyar hannu ba ɗaya ba ne. Na Vata yana jan ciki kamar maciji, na Pitta yana tsalle kamar kwaɗo, na Kapha yana lilo kamar agwagwa a kan tafki.

Ni Vata ce. Sau uku na cike takardar, a na ukun har ƙarya na yi don in fito Kapha, saboda ina son a ce mini mai riƙe alkawari. Anti Latika ta ɗora yatsu uku a wuyan hannuna, ta rufe ido, ta yi dariya, ta ce maciji ne dai.

Daga nan sai na ce bari in cike maka taka. Zango guda na yi ina nazarinka ta madubin direba. Na ga kana shiga mota a Karama, ka zauna a kujera ta goma sha ɗaya, ka jingina kanka da taga, ka yi barci kafin mu kai danja ta farko. Wane irin barci ne wannan, mai kyau kamar faɗuwar rana a kan ruwa! Na ga sumarka mai kauri, na ga ba ka gaggawar sauka. Tambayoyin da madubi bai nuna mini amsarsu ba, irin launin harshenka da abin da kake gani a mafarki, sai na cike su da abin da zuciyata ta gaya mini. Ka fito Kapha, goma sha bakwai cikin talatin.

A bayan takardar an rubuta cewa idan Kapha ta yi yawa, jiki yana nauyi, ƙwaƙwalwa ta yi sanyi, kuma maganinta abu mai zafi ne. Ga jarrabawar ƙarshe ta matso! Ta yaya zan zauna ina kallon tauraron ajinsu yana daskarewa a kujera ta goma sha ɗaya? Da yake ni ake fara ɗauka kullum, sai na riƙa dafa citta da kanumfari da masoro, in zuba a ƙaramar gora, in ajiye maka a kujerarka kafin kowa ya shigo. Mako na farko ka ci gaba da barci, sai na ƙara barkono. Mako na uku ma ka yi gyangyaɗi, sai na sa attaruhu.

Kai kuma, ya mai tarbiyya, ka ɗauka direbanmu Ankul Rafik ne yake ajiye maka. Kullum in za ka sauka sai ka yi masa godiya, shi kuma ya dafa ƙirji ya gyaɗa kai, bai san godiyar me ake masa ba. Kullum kana shanyewa tas, don kada ka kunyata babba. Na ga ƙuraje sun fito maka a goshi, na ce nauyin ne yake fita. Ka yi haɓo, na ce zafin gari ne. Da na ga kana dafe ƙirji kana lumshe ido, Allah Ya gafarta mini, na ɗauka ka gane ni ce, na ɗauka so ne ya kama ka. Kwana uku ban iya cin abinci ba don murna. Ashe ƙwannafi ne.

Sai ranar Alhamis. Ka miƙe tsaye a tsakiyar mota, ka ɗaga gorar sama, idanunka jajur kamar garwashi, ka daka wa Ankul Rafik tsawa, ka ce khalas, ya isa haka, me ka yi masa da yake neman kashe ka? Bawan Allah ya tsayar da mota a gefen titi yana rantsuwa bai taɓa ganin gorar ba. Ni kuwa ina nan a kujera ta biyu, na cusa fuskata cikin rigar sanyi. Yanzu an ce ranar Litinin da ƙarfe goma za ku bayyana gaban shugabar makaranta. Kai za a iya cire ka daga motar saboda rashin ladabi. Shi kuma ana zarginsa da bai wa ɗalibai abin shan da ba a san asalinsa ba, kuma ka san in aikinsa ya tafi, bizarsa ma ta tafi.

A ranar Alhamis ɗin na je wa Anti Latika da kuka. Tambaya uku kacal ta yi mini. Kana sa rigar sanyi a motar da sanyinta yake cizon ƙashi? Na ce ko sau ɗaya. Kana zufa a karan hanci? Na ce kamar raɓa a kan ganye. Kana ɓata rai idan an makara zuwa cin abinci? Na tuna yadda kake hararar agogo. Ta riƙe kai da hannu biyu. Ta ce duk wanda ya tashi ƙarfe biyar zai yi barci a mota ko da halittarsa ta aljani ce, ta ce kai Pitta ne tsantsa, bugun jininka kwaɗo ne. Wuta ce kai, Zainul Abideen, ni kuma na yi mako shida ina zuba mata attaruhu!

Ga alkawarina. Gobe Litinin da ƙarfe goma zan ƙwanƙwasa ƙofar shugaba. Ni da ko kiran suna ake yi a aji sai malama ta ɗago kai ta duba ko na zo, ni da na taɓa riƙe tambaya ɗaya tun farkon zango har aka yi hutu, zan tsaya gabanku ku uku da tukunyar da nake dafa cittar a ciki da takardar tambayoyin, in ce ni ce. Za a kira Abba a waya. Amma me motar za ta zama in babu kai? Madubin direba me zai nuna mini, kujera da taga?

Da safe, a inda ka saba ganin gora, za ka ga wannan takarda da kokwamba guda ɗaya. Anti Latika ta ce ita ce take kwantar da Pitta, da kankana da ruwan kwakwa. Na wanke ta sau uku, kuma na rantse ban sa mata komai ba. Idan ka yafe mini, ka gatsa kafin mu wuce danja ta farko. Ba zan waiwaya ba, ba zan ma kalli madubi ba, kunne kawai zan kasa. In ban ji komai ba, duk da haka ƙarfe goma za ta same ni a bakin ƙofar.

Takardar ta ce mutanen Vata suna saurin kamawa, suna saurin mantawa. Gaskiya ta faɗa. Sau huɗu na ɓatar da katin motata a shekarar nan, na taɓa zuwa makaranta da takalmi kala biyu. Amma wata goma sha ɗaya ke nan da kwana tara da ka ce mini ga shi, kuma ko yadda ka lanƙwasa gefen takardar ban manta ba. Anti Latika ta ce halittar mutum ba ta canzawa daga haihuwa har mutuwa. To in iska ce ni, ka taɓa take abin da iska ta ɗauka da ƙafa ɗaya, ya tsaya.

Taka har ranar da kwaɗo zai daina tsalle,
macijiyarka mai sanyin hannu,
Maimunat