Ruwan da Na Ɗauke wa Baba

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, ya aiki? Mu kam sai godiya, amma jikin Baba ya ƙi daɗi.

Tun da aka gano masa kansar huhu bai taɓa ba ni tsoro irin na makon nan ba. Ga yawan barci, ga ƙishirwa kamar me. Ya sha, ya yi fitsari, ya sake nema. Shekaranjiya bai kai banɗaki ba, ga abokansa teloli zaune sun zo dubiya. Ka san Baba da kunya. Ya juya fuska bango har suka tafi. Shi ne na ɗauke jarkar ruwan daga gefen gadonsa na kai kicin, kofi ɗaya nake ba shi bayan abinci. Yana roƙo ina toshe kunne, raina na ƙuna. Jiya har tambayata ya yi 'yar gidan wa ce ni. Ina ga tsufa ne ya haɗu da ciwo.

A gaida yara.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Kwananmu uku a asibiti. Likita ta ce sinadarin kalsiyam ne ya yi yawa a jinin Baba, shi ya kawo ƙishirwar da ruɗewar. Wai ba baƙon abu ba ne, cikin masu kansa goma, ɗaya ko biyu, wani lokaci har uku, kan gamu da shi. Sai ta tambaye ni ko yana samun ruwa sosai, don rashinsa na tsananta abin. Na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi.

An yi ta ƙara masa ruwa, leda bayan leda, hankalinsa ya dawo. Amma ta ja ni gefe ta ce yawanci alama ce ciwon ya yi nisa, kuma ruɗewar na iya dawowa. Don Allah ka bar jiran hutu, ka zo yanzu da yake gane mutane.

Yau da safe ya kira sunana ya riƙe hannuna. Na buɗe baki zan nemi gafara, ya riga ni.

"Auta, akwai wata mata a gida da ta hana ni ruwa. Kada ki bari ta sake shigowa."

Na ce masa to, Baba.

Ka yi sauri. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Auta