Inna Ta Ƙi Rufe Ƙofa

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Azare da sauƙi, sai dai hankalina ba a kwance yake ba, don mantuwar Inna ƙaruwa take yi.

Shekaranjiya da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, irin wanda muke tsere mu tsaya ƙarƙashin indararo muna yara, Inna tana bin mu da tsumagiya. Ina cikin kwashe shanya sai na leƙa ɗaki ban gan ta ba. A bakin zaure na same ta, ba sanda ba mayafi, tana ƙwala maka kira.

Na ce, "Inna, Yaya Habu ai yana Fatakwal, har da furfurarsa."

Ta ce, "Ke dai shiga ciki. Yana bakin kududdufi, ba ya jin magana. Ba zan rufe ƙofa yarona yana waje ba."

Ta jiƙe sharkaf kafin mu lallashe ta. Tun jiya take tari. An ba ta magani, amma ni sama nake ta kallo. Ko gajimare na gani sai gabana ya faɗi, ga shi damina yanzu ta fara.

Ka sa ta a addu'a, ka gaida mutanen gidan. Don Allah, Yaya, ka nemi hutu ka zo. Ni ta daina jin tawa. Kai take jira ka shigo, ta rufe ƙofa.

Ƙanwarka,
Hadiza